Wuta a Tsakiyar Ruwa: Yadda Aka Koya wa Injin Jirgi Yin Numfashi



Ranar 11 ga Satumba, 1947, wani babban jirgin ruwa na fasinja mai suna Reina del Pacifico ya fita gwaji a tekun da ke kusa da Belfast, a Ireland ta Arewa. Jirgin ba sabo ba ne. Tun 1931 yake jigila tsakanin Libaful da gaɓar yammacin Kudancin Amurka, a cikinsa ne ma tsohon Firayim Ministan Birtaniya, Ramsay MacDonald, ya rasu a 1937. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke aka mayar da shi jirgin ɗaukar sojoji, ya yi yaƙin ya fita lafiya, sannan aka kai shi gyara domin ya koma aikinsa na da. Gwajin bayan gyaran ake yi a ranar. Yaƙi ya ƙare, jirgin kuma bai ci karo da komai ba, amma kwatsam ɗakin injuna ya yi bindiga. Injunansa huɗu suka fashe, mutum 28 suka rasa rayukansu.

Ba fetur ne ya ci su ba, domin jirgin da man gas yake aiki. Baƙin mai ne, wannan da ake zuba wa inji don ƙarafa su yi santsi, wanda ko ashana ka jefa masa a cikin galan ba lallai ya kama ba.

Da a wajenmu abin ya faru, da mun ce tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa, mu yi addu'a mu rufe zancen. Addu'a wajibi ce, kuma ajali gaskiya ne. Sai dai waɗanda suka yi jana'izar mutanen nan ba su rufe zancen ba, sun koma sun tambayi abin da ya kama, da inda ya taru, da abin da ya kunna shi. Tarihin waɗannan tambayoyi uku muka ɗauko yau.

Jirgi ƙwarya ne

Kafin mu shiga shekaru, bari mu fahimci fetur. Ruwan fetur ba shi ne ke ci da wuta ba, tururin da ke tashi daga kansa ne. Yana fitar da tururin nan ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, balle a zafin ƙasashenmu. Idan tururin ya kai tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Lita ɗaya tak, in ta ƙafe gaba ɗaya, za ta iya mayar da iskar ƙaramin ɗaki abin fashewa.

Abu na biyu shi ne tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama kamar hayaƙi, gangarawa yake yi kamar ruwa yana neman kwari. Idan tiyon mota ya yi yoyo, fetur ɗin kan zuba a titi, iska ta kwashe tururin. Shi kuwa jirgin ruwa ƙwarya ne. An gina shi don kada komai ya shiga ta ƙasa, saboda haka ba abin da ke fita ta ƙasa. Duk tururin da ya gangara gindin jirgi, nan zai kwanta yana jira. Injin da bai taɓa cutar da kowa a kan tudu ba, da an sa shi cikin jirgi ya zama wani abu daban.

Tsoron nan ya girmi injin jirgin kansa. A 1886 Bajamushe Gottlieb Daimler da abokin aikinsa Wilhelm Maybach suka ɗora injin fetur a kan ƙaramin jirgi suka gwada shi a Kogin Neckar. Ana ba da labarin cewa sai da suka zagaye jirgin da wayoyi don mutane su ɗauka da lantarki yake tafiya, saboda yadda jama'a ke tsoron fetur. A Amurka kuwa, cikin waɗannan shekaru na 1880, doka ta ce duk jirgi mai aiki da tururin ruwa sai da injiniya mai lasisi. Don kauce wa dokar, Frank Ofeldt ya ƙera injin da ke tafasa nafta, ɗan uwan fetur, maimakon ruwa. Masu kuɗi suka yi ta saye suna yawon shaƙatawa a kan tukunyar mai da wuta a ƙarƙashinta. Doka ta tsare ƙofa ɗaya, haɗari ya shigo ta taga.

Sojojin ruwa ne suka fara biyan farashi mai tsada. Jiragen ƙarƙashin teku na farko da Birtaniya ta mallaka da fetur suke tafiya idan suna saman ruwa, har akan ajiye fararen ɓeraye cikin keji domin in iska ta gurɓace a gani a jikinsu kafin mutane su faɗi. Ranar 16 ga Fabrairu, 1905, ɗaya daga cikinsu mai lamba A5 ya sha mai a tashar Queenstown ta ƙasar Ireland, garin da ake kira Cobh a yau. Tururin fetur ya taru a cikinsa, ya haɗu da tartsatsi, mutum shida suka mutu. Ba a yi shekara biyar ba Birtaniya ta fara ƙera irin waɗannan jirage da injin gas, domin shi man gas sai ya ɗumama sosai kafin ya ba da tururin da zai kama. Har gobe dokar tsaron rayuka a teku ta duniya, wadda ake kira SOLAS, ba ta yarda manyan jirage su yi amfani da man da ke ba da irin wannan tururi ƙasa da digiri 60 ba, in ban da 'yan wurare da ta keɓe.

Amma ƙananan jiragen yaƙi masu gudu ba su rabu da fetur ba, don injinsa ya fi sauƙin nauyi. Ranar 14 ga Fabrairu, 1945, a tashar Ostend ta Beljiyam, fetur mai ƙarfi da ya malala a kan ruwa ya kama wuta a inda aka jera jiragen Kanada da na Birtaniya. Makaman da ke cikinsu suka shiga fashewa. Jirage 12 suka ƙone, sojojin ruwa fiye da 60 suka mutu, ba tare da abokin gaba ya harba ko harsashi ɗaya ba.

Rariyar Davy

Maganin farko daga ramin kwal ya fito, kimanin shekaru 70 kafin jirgin Daimler. A 1812 iskar gas ta fashe a mahaƙar kwal ta Felling da ke arewacin Ingila, ta kashe mutum 92, manya da yara. Aka nemi masanin kimiyya Humphry Davy ya samo fitilar da za a shiga rami da ita. A 1815 ya gano cewa harshen wuta ba ya ratsa ragar waya mai ƙananan idanu. Iska tana wucewa, haske yana wucewa, amma ƙarfen yakan zuƙe zafin wutar har ta mutu a bakin ragar. Ya lulluɓe fitila da wannan rariya, masu haƙar kwal suka shiga rami da ita.

Wannan dabara ce aka ɗauko aka ɗora a bakin kafireton injin jirgi. Duk wanda ya san tsohuwar mota ya san inji kan yi tari, wuta ta dawo baya ta fito ta kafireto. A mota abin tsoro ne na ɗan lokaci. A ɗakin injin da tururi ya kwanta, wannan tari shi ne ashana. Dokar jiragen ruwa masu inji da Amurka ta kafa ranar 25 ga Afrilu, 1940, ta tilasta abu biyu: a sa wa kafireto ragar kashe wuta, a kuma yi wa ɗakin inji da na tanki hanyoyin shigar iska da fitarta.

Bututun iska kuwa suna aiki ne idan jirgi yana tafiya ko iska tana kaɗawa, alhali lokacin da ya fi haɗari shi ne jirgi yana tsaye a gaɓa, an gama shan mai, matuƙi ya kai hannu zai tayar. A 1971 aka yi sabuwar doka da ta ba rundunar tsaron gaɓar tekun Amurka ikon gindaya wa masu ƙera jirage sharuɗɗa. Daga nan aka wajabta cewa kayan lantarkin da ke kusa da injin fetur, irin su sitata da alatineto, su zama rufaffu yadda tartsatsinsu ba zai fito ba. Jiragen da aka ƙera daga 1 ga Agusta, 1980 kuma, dole a sa musu fankar zuƙo iska, bakin bututunta ya sauka can ƙasa inda tururi ke kwanciya, a kuma liƙa gargaɗi kusa da makunni cewa a bar fankar ta yi aƙalla minti huɗu kafin a tayar da inji. Shekara 94 ke nan tsakanin jirgin Daimler da wannan minti huɗu.

Tumbin inji

Yanzu mu koma ga Reina del Pacifico. A ƙasan kowane inji akwai wani rufaffen wuri inda sandar da fistin ke juyawa take, inda kuma baƙin mai ke fantsama. Mu kira shi tumbin inji. Duk kyan ringin fistin, sai wani ɓangare na iskar da ke ƙonewa a sama ya silale ta gefensa ya faɗa tumbin, ɗauke da man da bai ƙone ba da tururin ruwa. In ba a ba shi hanyar fita ba, matsi zai taru, mai ya riƙa tsattsafowa ta kowace kafa, baƙin man kuma ya lalace ya zama kwaɓa. Inji ma yana bukatar numfashi.

A mota an daɗe ana warware wannan da ɗan bututu da ke leƙa titi, iskar gudu tana janye hayaƙin. Sai a farkon shekarun 1950 masanin sinadarai Arie Haagen-Smit ya nuna cewa tururin mai na cikin abubuwan da ke haddasa hazon da ya addabi birnin Los Angeles. Daga motocin 1961 aka fara sa wa waɗanda ake sayarwa a Kalifoniya bawul ɗin da ke mayar da hayaƙin tumbi cikin inji ya sake ƙonewa. Jirgi kuwa ba shi da titi a ƙarƙashinsa, in ya saki hayaƙin to a cikin kansa ya sake shi. Shi ya sa a injunan fetur na jirgi ake jan tiyon numfashin zuwa bakin ragar kafireto, inji ya haɗiye abinsa. Idan wannan tiyo ya tsage ko ya zame, ko raga ta toshe da maiƙo, an koma gidan jiya.

A manyan injunan gas matsalar ta sha bamban, kuma ita ce binciken 1947 ya fito da ita fili. Ɗigon man da ke fantsama a tumbi manya ne, ba sa kamawa da sauƙi. Amma idan wani ƙarfe ya ɗauki zafi fiye da kima, kamar yadda fistin guda ya yi a jirgin nan, man da ya taɓa shi yakan zama tururi. Tururin ya matsa inda ke da sanyi ya dunƙule ya zama farin hazo mai laushi. Da hazon ya kai kimanin miligiram 50 a kowace litar iska, ƙarfen da ya haife shi ne zai kunna shi.

Fashewar farko sau da yawa ba ita ce mai kisa ba. Takan ɓalle ƙofar tumbin, iskar ciki ta fita da ƙarfi, nan take sabuwar iska ta ruɗo ciki ta tarar da hazo da wuta suna jira. Fashewa ta biyu ita ce babba.

Fahimtar haka ta haifar da gyare-gyaren da ke cikin manyan jirage a yau. Na farko, ƙofar tsira: wani bawul mai sifirin a jikin tumbi, wanda ke buɗewa da matsi kaɗan, kusan kashi ɗaya cikin goma na iskar tayar ƙaramar mota, ya saki abin da ke ciki, ya rufe nan take kada iska ta shiga. A bakinsa akwai raga mai kashe harshen wuta, wato rariyar Davy ta sake dawowa. SOLAS ta wajabta shi ga duk injin da faɗin silindarsa ya kai milimita 200, ko girman tumbinsa ya kai kashi 0.6 na mita kubik. Na biyu, na'urar da ke zuƙo iskar tumbi tana haska ta da fitila, in hazo ya fara dusashe hasken ta yi ƙara, a rage gudun inji ko a kashe shi. Na uku, kowane inji da bututun numfashinsa, ba a haɗa na wani da na wani, don kada wuta ta bi ta ciki ta kama maƙwabci.

Akwai kuma darasin da ba na ƙarfe ba. Ana koya wa kowane injiniyan jirgi cewa idan ƙararrawar hazo ta buga, kada ya ruga ya buɗe ƙofar tumbi don ya ga abin da ke faruwa. Ya tsayar da inji, ya matsa daga gefen ƙofofin, ya jira ƙarfe ya huce. Mai buɗewa da gaggawa shi ke ba wuta iskar da take nema.

A lura da yadda maganin biyu suka saɓa. A ɗakin injin fetur, iska ake so ta yi ta wucewa tana wanke tururi. A tumbin babban injin gas, hana sabuwar iska shiga ake yi. Wanda ya haddace rabin darasi ya kai shi inda ba wurinsa ba, shi ne ƙaramin sanin da Bahaushe ya kira ƙuƙumi.

Mu da kogunanmu

Wani zai ce ina ruwanmu da Belfast. Ruwanmu yana Yawuri, da tafkin Kainji da ya samu bayan kammala dam a 1968, da Binuwai, da Tafkin Chadi, inda kwale-kwale mai inji shi ne motar kasuwa, shi ne kuma motar asibiti. Injin da ake rataya wa a bayan kwale-kwale, irin wanda Ole Evinrude ya fara sayarwa a Amurka wajen 1909, yana waje a sarari, iska na dukansa. Yawancin waɗanda ake amfani da su a wajenmu kuma masu cin fetur haɗe da baƙin mai ne, waɗanda tumbinsu hanya ce da mai da iska ke bi zuwa sama. Saboda haka abin da ya sami Reina del Pacifico ba shi ne abin tsoronsu ba.

Abin tsoron shi ne wancan na farko, na ƙwarya. Tankin injin yana cikin jirgi. Jarkokin ajiya suna cikin jirgi, sau da yawa a can ƙasa, an ɗora musu buhuna an rufe da tamfol, rana tana dukansu. Jarkar da murfinta leda ce da ƙyauro tana numfashi dare da rana, abin da take fitarwa kuma yana kwanciya ne a ƙarƙashin ƙafafun fasinja. Sai a samu mai kunna sigari, ko wayar batir da aka murɗa da hannu, ko kurfotin gawayi a tafiya mai nisa. Kuma jarka ko duron da aka juye ya fi cikakke saurin fashewa, domin a cikakke tururi ya yi yawa iska ta yi kaɗan, a wanda aka juye kuwa sun haɗu daidai. Masu walda sun san wannan, shi ya sa mai hankalinsu ba ya kai wuta jikin tankin da ba a wanke ba.

Abin da shekaru ɗari suka koyar bai fi a faɗe shi a numfashi ɗaya ba. A sauke fasinja kafin a zuba mai. A kashe inji da duk wata wuta. In tankin na ɗauka ne, a cika shi a kan tudu. A yi amfani da mazurari, a goge abin da ya zube, a fitar da tsumman daga jirgi. A ajiye jarkoki da murfinsu na ainihi inda iska ke ratsawa. Kafin a tayar, a sunkuya a shinshina gindin jirgi, in an ji warin fetur a dakata. Hanci na'ura ce da kowa ke da ita kyauta.

A nan aikinmu yake, mu masu riƙe da alƙalami. Gargaɗin da ke jikin injunan nan da takardun da ke zuwa da su ba da Hausa aka rubuta su ba, alhali da yawan matuƙan da fasinjojinsu Hausa suke ji. Kuma idan mun zo ba da labarin gobara, ko a rahoto ko a ƙagaggen labari, mun saba cewa "sai kawai inji ya yi bindiga", mu wuce zuwa koke-koke. Wannan "sai kawai" ɗin yana koya wa mai karatu cewa abin ba shi da dalili, abin da ba shi da dalili kuwa ba a yi masa rigakafi. Inji ba ya bindiga haka kawai. Akwai tiyon da ya tsage tun makon jiya, akwai warin da wani ya ji ya yi shiru don kada a ce ya cika tsoro, akwai matuƙin da fasinja suka matsa wa ya tashi don kasuwa za ta watse. Labarin yana wajen waɗannan mutane, kuma marubucin da ya nuna su ya ba mai karatu abin da zai tuna ranar da ya taka jirgi.

Don haka ga abin da muke roƙo a wannan mako. Duk wanda ke kusa da gaɓa, ko yake da ɗan uwa matuƙi ko makanikin injin jirgi, ya je ya zauna da shi. Ya tambaye shi sunan da suke kiran kowane ɓangare na injin, da yadda suke zuba mai, da inda suke ajiye jarkoki, da abin da ya taɓa gani da idonsa. Ya rubuto kalmomin yadda suka fito daga bakinsa. Mu mun ce "tumbin inji" da "ƙofar tsira" don mu samu abin kamawa, in masu sana'ar suna da nasu sunayen, nasu za mu ɗauka mu ajiye namu.

Allah Ya jiƙan waɗanda ruwa da wuta suka ci, Ya tsare matafiya a tudu da kogi. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.